HAYAƘIN TABAR WANI DA LAFIYAR MACE MAI CIKI

Gabatarwa

Jama'a da yawa a ƙasar nan sun riga sun ji cewa shan taba yana ɓata huhu da zuciyar mai sha. Amma har yanzu akwai masu zaton cewa duk wanda ya kunna sigari kansa kaɗai ya cuta, babu ruwan kowa. Wannan zato kuskure ne babba. Hayaƙin da ya tashi daga sigari yana cika ɗaki, duk wanda ke zaune a ɗakin kuwa dole ya shaƙa, ko yana so ko ba ya so. Idan wanda ya shaƙa ɗin mace ce mai juna biyu, to, rai biyu aka taɓa.

An shirya wannan darasi domin magidanta da matan aure, da direbobi da masu gidajen abinci, da ungozoma da malaman asibiti, da duk wanda ke zaune tare da mai ciki ko yake hulɗa da ita. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, domin rashin sani ya fi dare duhu.

1. Wa ya fi shan wahalar hayaƙin a Nijeriya?

A shekarar 2012 an yi wani babban bincike a duk faɗin ƙasar nan game da amfani da taba tsakanin manya, watau masu shekara 15 zuwa sama. Binciken ya nuna cewa cikin kowane maza 100, wajen 7 suna shan taba mai hayaƙi. Mata kuwa ba su kai ko 1 cikin 100 ba. Haka kuma ya nuna cewa manya fiye da miliyan 5 suna shaƙar hayaƙin taba a cikin gidajensu, kuma cikin masu zuwa gidajen abinci kusan 3 cikin 10 sun tarar da hayaƙin a can.

To, mai karatu, me waɗannan alƙaluma ke koya mana? Suna koya mana cewa a ƙasarmu da wuya ka ga mai ciki da karan sigari a baki. Hayaƙin da ke isa gare ta na wani ne: na mijinta, ko ƙanen miji, ko maƙwabci a gidan haya, ko abokin aiki, ko fasinja a mota. Saboda haka duk nasihar da za a yi wa mace a wurin awon ciki ba za ta wadatar ba, muddin mazan da ke kewaye da ita ba su ji ba. Maganar nan ta maza ce tun kafin ta zama ta mata.

2. Abin da ke cikin hayaƙin

Hayaƙin da wanda ba ya shan taba ke shaƙa iri biyu ne. Na farko shi ne wanda mai sha ya zuƙa ya feso. Na biyu shi ne wanda ke tashi daga bakin sigari yayin da take ci da wuta a hannu ko a kan faranti. Wannan na biyun shi ne mafi yawa a cikin ɗaki, bai bi ta audugar da ke gindin sigari ba, kuma wasu gubobin sun fi yawa a cikinsa fiye da wanda mai sha ke zuƙa.

Masana sun ƙididdige sinadarai fiye da 7,000 a cikin hayaƙin taba, kuma wajen 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Akwai kwalta, akwai dalma, akwai irin gubar da a da ake kashe ɓera da ita, akwai irin maganin da ake sa wa gawa don kada ta ruɓe. Amma guda biyu ne suka fi shafar ɗan tayi, kuma ya kamata kowa ya riƙe sunansu.

Na ɗaya shi ne nikotin. Shi ne ke sa mutum ya kamu da taba har ya kasa bari. Aikinsa a jiki shi ne ya tsuke jijiyoyin jini, ya kuma sa zuciya ta yi ta bugawa da sauri.

Na biyu ita ce iskar da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce iskar nan da ke kashe mutane idan suka kwana da janareto a cikin ɗaki, ko da kaskon gawayi a rufe. Sigari ma tana fitar da ita, sai dai kaɗan-kaɗan, kullum.

3. Yadda hayaƙin ke isa ga ɗan tayi

Ɗan tayi ba ya numfashi da hancinsa, ba ya ci da bakinsa. Duk abincinsa da iskarsa daga jinin uwa suke fitowa, su bi ta mabiyiya, su gangara ta cibiya su shiga jikinsa. Mabiyiya tana tace wasu abubuwa masu cutarwa, amma ba ta iya tare nikotin, ba ta kuma iya tare kabon monoksaid. Duka biyun suna ƙetarewa. Likitoci sun sami burbushin nikotin a jinin cibiyar jarirai waɗanda uwayensu ba su taɓa sa taba a baki ba, zama kawai suke yi da masu sha.

Ga yadda ɓarnar take faruwa. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar oksijin, watau iskar da rai ke buƙata, daga huhu zuwa sauran jiki. Kamar motar haya suke, kujerunsu ƙididdigaggu ne. Kabon monoksaid kuwa ta fi oksijin ƙarfin maƙalewa a kujerun nan fiye da sau 200. In ta hau, oksijin ba ta da wurin zama. Daɗin daɗawa, in ta shiga jinin ɗan tayi ta fi daɗewa a can fiye da yadda take daɗewa a jinin uwa. A daidai wannan lokaci nikotin yana tsuke jijiyoyin da ke kai jini ga mahaifa. Watau hanya ta ƙuntata, kayan da ake ɗaukowa kuma sun ragu. Ɗan tayi sai ya rayu cikin ƙarancin iska da ƙarancin abinci a watannin da ƙwaƙwalwarsa da huhunsa da ƙasusuwansa ke ginuwa. Hausawa sun ce abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Abin da ya shiga huhun uwa ya kama hanyar zuwa wurin ɗanta.

4. Yadda aka gano haka

Sanin nan ba a dare ɗaya aka same shi ba. A shekarar 1957 wata likita a Amurka, Winea Simpson, ta ba da rahoto cewa matan da ke shan taba sun fi sauran mata haihuwar ƙananan jarirai. Daga baya bincike ya yi ta tabbatar da cewa jaririn mai shan taba yakan kasa na wadda ba ta sha da kimanin giram 200.

A shekarar 1981 wani likita a Japan, Takeshi Hirayama, ya bayyana sakamakon binciken da ya yi shekara da shekaru yana yi kan matan aure fiye da 90,000 waɗanda ba sa shan taba. Ya ga cewa waɗanda mazansu ke sha sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu. Wannan ya buɗe idon duniya game da hayaƙin wani. A shekarar 2006 babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da rahoto mai cewa babu wani adadi na hayaƙin nan, komai ƙanƙantarsa, da za a ce ba ya cutarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a kan haka ta tsaya, kuma ta ƙiyasta cewa mutane fiye da miliyan 1 waɗanda ba sa shan taba suna mutuwa kowace shekara saboda hayaƙin wasu.

5. Illolin da aka tabbatar

(a) Ƙarancin nauyi. Jaririn da aka haifa bai kai kilo 2 da rabi ba, shi ake kira mai ƙarancin nauyi. Irin wannan jariri ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa sosai, ba ya da ƙarfin tsotso, cuta kuma takan kama shi da wuri. Bincike ya nuna cewa mai cikin da ke shaƙar hayaƙin wani ta fi shiga haɗarin haihuwar irin wannan jariri da kimanin kashi 20 cikin 100. Mai yiwuwa wani ya ce ai ragin da ake samu a ma'auni ɗan kaɗan ne, 'yan giram ne. Gaskiya ne, in uwa ƙosasshiya ce mai cikakken jini, jaririnta yana iya jurewa. Amma mu tuna mata da yawa a ƙasarmu suna ɗauke da ciki tare da zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da ƙarancin abinci mai gina jiki. Jaririn irin wannan uwa da ma a bakin gaɓa yake. Hayaƙi kaɗan ya isa ya tura shi.

(b) Haihuwar bakwaini. Ciki yakan cika ne a mako 40. Wanda aka haifa kafin mako 37 bai cika ba, huhunsa bai nuna ba, sau da yawa sai an sa shi a kwalba a asibiti. Akwai shaida mai ƙarfi daga ƙasashen da suka hana shan taba a wuraren taruwar jama'a. A Sikotland an kafa irin wannan doka a shekarar 2006, daga baya aka ga haihuwar bakwaini ta ragu da kimanin kashi 10 cikin 100. A shekarar 2014 masana suka tattara sakamakon ƙasashe daban-daban na Turai da Amurka ta Arewa, suka sami ragi kusan iri ɗaya. Babu allura, babu ƙwaya. Iska kawai aka tsabtace.

(c) Haihuwar ɗa babu rai, da naƙasa. A shekarar 2011 masana a Jami'ar Nottingham ta Ingila suka haɗa bincike 19 da aka yi kan mata masu ciki waɗanda ba sa shan taba. Suka ga cewa waɗanda ke shaƙar hayaƙin wasu sun fi shiga haɗarin haihuwar ɗa babu rai da kashi 23 cikin 100, da haɗarin haihuwar ɗa mai wata naƙasa da kashi 13 cikin 100.

(d) Bayan haihuwa. Haɗari bai ƙare da yanke cibiya ba. Jariri ya fi babba saurin numfashi, huhunsa kuma ɗanye ne. Jaririn da ke kwana cikin hayaƙi ya fi kamuwa da ciwon haƙarƙari, da tari, da ciwon kunne, da fuka. Haka nan an tabbatar hayaƙin taba yana daga cikin dalilan mutuwar fuju'a ta jarirai, inda za a kwantar da jariri lafiya lau a wayi gari babu rai. Nikotin kuma yana shiga nonon uwa.

Ya kamata a fahimta, ba kowace mai cikin da ta shaƙi hayaƙi ce za ta gamu da ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma akwai wasu dalilan da ke jawo su ban da taba. Amma cikin dalilan, hayaƙin taba shi ne wanda maigida ke iya kawarwa yau, ba tare da ya kashe ko kwabo ba.

6. Dabarun da ba sa amfani

Magidanta da yawa masu kirki ne, ba sa nufin cutar da iyalinsu. Sukan yi wasu dabaru suna zaton sun wadatar. Bari mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

Buɗe taga ko kunna fanka. Wannan yana rage wari ne kawai. Fanka watsa hayaƙin take yi ko'ina cikin ɗaki, kuma ƙananan ƙwayoyinsa da ido ba ya gani suna iya yin awoyi suna yawo bayan an kashe sigari.

Sha a falo, ita tana uwar ɗaki. Hayaƙi yana bi ta ƙarƙashin ƙofa da gefen labule da saman bango. A gidajen haya na birane, irin su Agege a Legas ko Sabo a Ibadan, inda ɗakuna ke jere suna kallon juna, wanda ya kunna sigari a baranda ya raba wa kowane ɗaki.

Sha lokacin da ba ta nan. Gubar hayaƙi tana maƙalewa a labule da katifa da darduma da riga da gemu da yatsu. Ita za ta dawo ta kwanta a katifar, ita za ta wanke rigar.

Turare. Turaren wuta ko na fesawa yana rufe wari, guba tana nan. Hasali ma turaren wuta ƙarin hayaƙi ne.

Shisha. Matasa da yawa suna zaton ruwan da ke cikin tulun yana wanke hayaƙin. Ba ya wankewa. Ga taba, ga kuma gawayin da ake ɗorawa a kai, wanda ke fitar da kabon monoksaid mai yawa. Zama ɗaya na shisha yakan ɗauki kusan awa guda, hayaƙin da ake fitarwa kuwa ya ninka na karan sigari sau da yawa. Lofe da naɗin gida su ma duk taba ce. Sigarin lantarki na zamani kuma galibinsa yana da nikotin, bai kamata a busa shi kusa da mai ciki ba.

Hanya ɗaya ce tabbatacciya: kada a kunna taba a cikin gida ko a cikin mota, ko kaɗan, ko da wane lokaci.

7. Abin da doka ta ce

Tun shekarar 1990, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke Ministan Lafiya, gwamnati ta kafa dokar soja mai lamba 20 wadda ta hana shan taba a wasu wuraren jama'a. A shekarar 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taƙaita taba, wadda ta wajabta wa ƙasashe su kare jama'arsu daga hayaƙi. A shekarar 2015 aka sa hannu kan Dokar Taƙaita Taba ta Ƙasa, a 2019 kuma aka amince da ƙa'idojin aiwatar da ita. Dokar ta hana shan taba a wurare irin su asibitoci da makarantu da motocin haya, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya karya.

Saboda haka mai cikin da ta roƙi fasinja ya kashe sigarinsa a mota ba alfarma take nema ba, hakkinta ne. Sai dai doka ba ta shiga ɗakin kwana. A cikin gida, maigida shi ne hukuma.

8. Aikin kowa

Maigida. Daga ranar da ka san iyalinka tana da ciki, ka yanke cewa gidanka ba a shan taba. Ka faɗa wa ƙannenka da abokanka da baƙinka da bakinka, kada ka bar mata wannan nauyi, domin kunya ba za ta bar ta ta yi wa ƙanenka ko abokinka magana ba. In har ba ka iya bari ba tukuna, ka fita waje can nesa da ƙofa da taga, in ka dawo ka wanke hannu da baki, ka sake riga kafin ka ɗauki jariri. Wanda ya fi duka shi ne ka bari gaba ɗaya. Cikin awa 12 da barin taba, kabon monoksaid da ke jininka za ta sauka ta koma daidai. Cikin shekara guda haɗarin ciwon zuciya zai ragu da kusan rabi. Kwanakin farko da wuya, za ka ji ƙunci da rashin barci, amma yana wucewa cikin 'yan makonni. Ka sa rana, ka zubar da sauran kwali da ashana, ka ɗan ƙaurace wa majalisar da ake sha, ka nemi shawarar likita domin akwai magungunan da ke taimakawa. Wanda ya gwada ya koma kada ya fid da rai, da yawa sai sun gwada sau da dama. Ka kuma lissafa abin da kake ba mai tireda a wata, ka ga ƙwai da wake da kifi nawa zai saya wa mai ciki.

Mai ciki. Ki fara zuwa awo da wuri, cikin wata ukun farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. In an tambaye ki ko akwai mai shan taba a gida, ki faɗi gaskiya, ba tonon asirin miji ba ne. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance ki ce, “Maigida, a asibiti sun ce hayaƙin nan yana isa ga abin da ke cikina. Don Allah a riƙa sha a waje.” In maganar ta yi miki nauyi, ki nemi ya raka ki awo ya ji da kunnensa, ko ki bi ta wurin wani babba da yake jin maganarsa. In an kunna taba a inda kike, ki tashi. Ke ma ki guji taba gari, ta shaƙa ko ta sawa a baki, domin nikotin ɗin ɗaya ne. Idan kika ga jini, ko faya ta fashe kafin lokaci, ko motsin ɗa ya ragu, ko naƙuda ta taso wata bai cika ba, a tafi asibiti nan take.

Iyaye da surukai. Maganarku tana da nauyi. Uwar miji in ta ce wa ɗanta kada ya sake sha a ɗakin mai ciki ko mai jego, da wuya ya musa. Ranar suna ma a lura, kada baƙi su cika zaure da tsakar gida da hayaƙi.

Direbobi da shugabannin tasha da masu gidajen abinci. Ku liƙa sanarwa, ku kuma tsaya a kanta. Mota wuri ne ƙuntatacce, sauke gilashi ba ya fid da hayaƙi duka. Ba kowane ciki ne ake gani ba, na wata biyu ko uku ba ya nunawa, alhali a lokacin ne gaɓoɓin ɗa ke haɗuwa.

Malaman asibiti da ungozoma. Tun shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci ma'aikata su tambayi kowace mai ciki game da taba da hayaƙin wasu, tun zuwan farko da kowane zuwa bayansa, su kuma yi magana da mazan kai tsaye in da hali. A yi haka da ladabi, ban da wulaƙanci, domin mijin da aka kunyata a gaban mutane ba zai dawo ba.

A ƙarshe, a tuna hayaƙin itace da gawayi a madafa marar taga shi ma yana rage nauyin jariri. Mai ciki ta yi girki a sarari inda iska ke kaɗawa, a kuma ajiye janareto nesa da ɗaki.

Tambayoyi don bita

1. Me ya sa aka ce maganar hayaƙin taba a Nijeriya ta fi shafar maza?
2. Faɗi gubobi biyu da ke ƙetare mabiyiya, da aikin kowanne.
3. Nauyin jariri nawa ne ake kira ƙarancin nauyi, kuma kafin mako nawa ake kiran jariri bakwaini?
4. Me ya sa buɗe taga da kunna fanka ba su wadatar ba?
5. Wane mataki za ka ɗauka a gidanka ko a wurin aikinka cikin wannan mako?

Ranar 31 ga watan Mayu ta kowace shekara ita ce Ranar Yaƙi da Shan Taba ta Duniya. Amma mai ciki ba za ta jira Mayu ba, wata tara kaɗai gare ta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya sauki mata masu ciki lafiya, ya raya abin da suka haifa.